Inci Ɗaya da Rabi

Shekara goma sha bakwai Tela ta yi tana awon mutane, ba a taɓa dawo mata da riga an ce ta matse ba. Shi ya sa ranar da mai gyaran kwamfuta ya ce ta je ta auno masa tsawon akwatin kwamfutar mijinta, har dariya ta yi a ranta. Awo dai? Ai an zo gidan sauƙi. Ta jira maigidan ya shiga wanka, ta zare tef daga wuyanta ta ɗora a kan akwatin daga gaba zuwa baya, yadda take ɗora shi a kafaɗar mai kawo ɗinki. Har inci biyu ta rage, don tela na ƙwarai ba ya yanka cif-cif. Abin da bai faɗo mata ba shi ne, mutum ana auna shi ta waje ne saboda riga a waje take zama, shi kuwa abin da za ta sayo a ciki zai zauna.

Mijin nata Direba kowa ke kiransa har yau, ko da yake wata takwas ke nan rabonsa da sitiyarin gaske. Shekara ashirin yana jan tirela kafin hatsarin da ya farfasa masa ƙafar dama. Likitoci suka haɗa ta da ƙarfe, suka ce zai yi tafiya da sanduna, amma tuƙi sai dai labari. Wata ukun farko bango kawai yake kallo. Ba ya faɗa, ba ya kuka, abinci ma sai ta yi da gaske yake kai loma biyu. Ita kuwa da wannan shirun gara a ce zaginta yake yi.

Abin da ya raba shi da bangon, in an faɗa maka sai ka yi dariya. Wata tsohuwar kwamfutar tebur ce wani abokin aikinsa ya kawo masa, da sitiyarin roba, da fedal biyu a ƙasa, da wasan tuƙin manyan motoci a ciki. Ranar farko tsaki ya yi, ya ce an mai da shi yaro. Bayan sati biyu sai ga shi yana tashi da kansa yana aske gemu, ya koya wa ƙafar hagu taka totur da birki. Duk Asabar ƙarfe huɗu na yamma akwai ayari: mutum kusan talatin, kowa a ɗakinsa, su haɗu ta intanet, su jera motocinsu su yi tafiyar awa biyu suna hira suna tsokanar juna. A ranar ce kaɗai Tela ke jin irin dariyarsa ta da.

Matsalar ita ce katin hoto, wato faifan nan na cikin akwati da ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Nasa ya tsufa tukuf. In shi kaɗai ne a hanya lafiya lau, amma da motoci sun taru sai hoton ya riƙa tsinkewa, ya daskare, kafin ya dawo ya riga ya afka wa na gabansa. Asabar da ta wuce motoci huɗu ya haɗa a wuri guda. Shugaban ayarin ya ce masa cikin ladabi, in abin ya sake faruwa sai dai ya yi haƙuri ya huta. Direba ya cire abin kunnen da yake jin hirarsu da shi ya ajiye, ya koma gado ya juya wa ɗakin baya. Kwana uku bai taɓa gemunsa ba.

A nan tsoro ya kama Tela, ta nufi shagon mai gyara. Sabon kati da ya faɗa mata kuɗinsa, sai da ta tambaye shi ko da keken ɗinki ake haɗawa. Ya yi dariya, ya jawo wani na hannu daga ƙarƙashin kanta, dogo mai fanka biyu, ya ce dangin tsohon ne, da kanta kwamfutar za ta gane shi. Ƙarfinta zai iya kaiwa, amma fa sai ta haɗa masa da tsohon katin a yi musaya. Ta amince. Ba ta gaya wa maigidan ba, don ta san halinsa: zai ce kada a kashe ko sisi a kan wasan yara, ya kuma ci gaba da kallon bangonsa.

Asabar da hantsi abokinsa ya zo ya ɗauke shi zuwa asibiti gashin ƙafa, sai ƙarfe uku za su dawo. Motar na barin ƙofar gida ta kwantar da akwatin a kan tebur, ta buɗe murfin, ta yi yadda mai gyara ya nuna mata: ta kwance sukuru ɗaya, ta danna ɗan makullin roba, ta zaro tsohon katin a hankali. Ƙarfe sha biyu da rabi ta dawo da sabon a cikin jaka, tana tafe tana murmushi ita kaɗai.

Katin ya ƙi shiga.

Ta karkata shi, ta sunkuyar da shi, ta shigar da gindin ta bar kan, ta shigar da kan ta bar gindin. A gaban akwatin ta ciki akwai wani kejin ƙarfe da ke riƙe da ma'ajiyar bayanan kwamfutar, shi ne ya tokare hanya. Ta sa tef ta auna, wannan karon ta ciki. Katin ya fi wurin tsawo da inci ɗaya da rabi. Nan take ta lalubo waya ta kira mai gyara.

"Malam, abin nan bai shiga ba. Zan dawo maka da shi ka ba ni tsohon."

"Kai, Hajiya! Wallahi kina fita wani ya zo ya ɗauka. Irin waɗannan ƙananan ba sa kwana. Ba na ce ki auno ba?"

"Na auna."

"Ta ina?"

"Ta waje," ta ce. Ya ja numfashi.

"To sai dai a sauya akwati babba, a kwashe komai a mayar. Shi ma da kuɗinsa, kuma yau shago cike yake, sai Litinin."

"In an kunna ta haka ba kati fa?"

"Irin taku ba kati, ba hoto. Baƙin allo za ki gani."

Ta zauna a bakin gado tana kallon akwatin a buɗe. Jiya kwamfuta ce mai ɗingishi, yau ta zama gawa, kuma da hannunta. Garin neman gira ana shirin rasa ido. Ta dubi agogon bango, ɗaya saura kwata. Mutum ɗaya ne ya faɗo mata, ƙanin mijinta mai walda a ƙarshen layi, wanda ake kira Tartsatsi.

Tartsatsi mutumin kirki ne, zuciyarsa ɗaya, kuma tun hatsarin bai taɓa fashin leƙo yayansa ba. Sai dai a duniyarsa matsala iri biyu ce kawai: wadda ake yankewa da wadda ake liƙewa. Ya shigo da baƙin tabarau a goshi, ya leƙa cikin akwatin sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa kejin da ɗan yatsa.

"Haba matarmu, wannan ne ya sa kike magana kamar an yi gobara? Gwangwani ne fa. Minti biyu."

"Ka tabbata ba zai taɓa komai ba?"

"Ni da nake yanka ƙofar gareji? Ke dai ki tanadi tukwici."

Ya kwance ma'ajiyar daga kejin ya ajiye a gefe, ya ja layi da alli, ya zaro injin yankan ƙarfe daga buhunsa. Tela ta dubi injin, ta dubi koren faifan da ke shimfiɗe a ƙasan akwatin da 'yan ƙananan abubuwa birjik a kansa, hankalinta bai kwanta ba.

"Tsaya in kawo ƙyalle a rufe cikin tukuna."

Ta shiga ɗakin ɗinkinta da ke ƙofar gida. Ta ɗauki wani yanki, ta tuna na mai amarya ne. Ta ɗauki wani, ragowar yadin maƙwabciya ne da ta ce a ajiye mata. Tela ba ta iya ɗaukar ƙyallen mutane haka kawai ko da gobara ake yi. Tana cikin tonon kwandon ne ta ji injin ya ɗauki kuka.

Kafin ta iso da gudu an gama. Tartsatsi na tsaye da guntun ƙarfe a hannu yana washe baki, ɗakin na warin ƙonannen fenti. Ya ɗauki katin ya zura, ya zauna ɗas a gurbinsa har makullin ya yi ƙara.

"Kin gani? Kamar don shi aka yi. Ina wayar wuta?"

Ya kai hannu ga soket. A daidai lokacin hasken taga ya faɗa cikin akwatin, Tela ta ga koren faifan yana ƙyalƙyali ko'ina, kamar an barbaɗa masa ƙyalli irin na rigar yara. Ba ta san komai a kan kwamfuta ba, amma ta san ɗazu ba haka yake ba. Ta cafke hannunsa.

"Kada ka kunna."

Ta sake kiran mai gyara, ta faɗa masa abin da aka yi. Ihun da ya yi har Tartsatsi sai da ya ji.

"Da inji? A ciki? Innalillahi! Kada wanda ya kunna! Garin ƙarfe ne wannan. Ƙwaya ɗaya in ta kwanta tsakanin layi biyu, wuta na shiga babban faifan ya tafi, wataƙila ya tafi da sabon katin ma."

"To yaya za mu yi?"

"Ku cire katin, ku kifa akwatin, ku share a hankali da buroshi mai laushi. Ban da ruwa, ban da hurawa da baki. In kun yi sa'a, to. In ba ku yi ba, ni dai ba ruwana."

Tartsatsi ya sauke tabarau daga goshi ya riƙe a hannu. Tela ba ta da lokacin yi masa faɗa. Ta koma ɗakin ɗinki ta ɗauko ɗan buroshin da take share haƙoran kekenta, da maganaɗisun da take tsince allurai in sun zube. Ƙarfe biyu saura minti ashirin suka fara. Shi ya riƙe akwatin a kife, ita tana durƙushe a ƙasa tana sharewa, tana bi da maganaɗisu kusa-kusa ba tare da ta taɓa faifan ba. Duk bi ɗaya sai ya fito da baƙin gashi-gashi a jikinsa. Ta goge, ta sake bi, ya sake fitowa. Wuyanta ya ƙage, gumi na shiga mata ido, hannun Tartsatsi ya fara rawa don nauyi.

Uku saura minti goma suka ji tsayuwar mota, sannan ƙarar sanduna a kan siminti, ɗaya bayan ɗaya.

Direba ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi akwatin a kife a hannun ƙaninsa, ya dubi injin yanka a ƙasa, ya dubi matarsa a durƙushe. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, wannan kuwa shi ne abin da ta fi tsoro.

"Ina katina?"

"Na ba da shi, Maigida. Na yi musaya da wannan."

"A dawo da shi."

"An sayar."

Ya gyara tsayuwa a kan sandunan, ya juya ga Tartsatsi.

"Kai kuma, tankin mota ma haka kake yanka shi da mai a ciki?"

"Yaya, wallahi ni..."

"Yi min shiru." Ya dawo da idonsa kanta, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Abu ɗaya ya rage min a duniyar nan da nake yi da kaina ba wanda ya riƙe ni. Ɗaya tak. Shi ma sai da aka taɓa."

Maganar ta soke ta, hawaye suka zo, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Na ga ka koma kallon bango ne. Ni kuma wallahi ba zan iya sake wata uku irin waɗancan ba. In na ɓata, na ɓata, amma ba zan zauna ina kallo ba."

Ya daɗe a tsaye. Can sai ya ja jiki zuwa kujera, ya zauna da ƙyar, ya jingine sandunan.

"Ajiye shi nan. Rufe labule. Ba ni tocila."

Da ɗakin ya yi duhu ya kwantar da tocilar a gefen faifan, hasken ya bi ta kwance, yadda yake yi in yana neman inda mai ke tsiyaya a ƙarƙashin tirela. Wurin da suka ɗauka ya fita tas, sai ga ƙwayoyi suna ƙiftawa a lunguna. Yana nunawa da tsinke, tana bi da buroshi. Suka fitar da bakwai, uku daga cikinsu a cikin gurbin katin kansa. Suka sake bi daga farko ba su ga komai ba, ya ce a sake. Uku da minti arba'in ya miƙe wuya.

"Sa katin. A hankali."

Ta sa, ta ɗaure sukurun, aka mayar da ma'ajiya, aka jona wayoyi. Ya ce ita za ta danna, tunda ita ta ɗebo. Ta yi bisimilla ta danna.

Fankoki suka juya. Akwatin ya yi wani ɗan kuka. Allo ya tsaya baƙi ƙirin.

Suka jira. Tartsatsi ya sunkuya yana shinshina ko zai ji ƙauri. Tela ta dafa tebur. Shi ke nan, ta ce a ranta, na kashe masa ita.

"Ba ƙauri," in ji Tartsatsi da 'yar murya.

"Kashe," in ji Direba. Ya sake haska cikin, yana bin katin daga gindi zuwa kai. "Waɗannan ramuka shida na samansa fa, me ke shiga?"

Tela ta dafe kai. Mai gyara ya faɗa mata, har sau biyu: wannan katin ba kamar tsohon ba ne, yana da wayar wutarsa daban, tana nan a naɗe cikin akwatin. Tashin hankali ya share mata maganar. Ta tono wayar daga cikin tarin 'yan'uwanta, ta cusa har ta yi ƙara, ta sake dannawa.

Allon ya kawo haske. Tartsatsi ya yi kabbara ya zube a bakin gado.

Huɗu saura minti biyar Direba ya sa abin kunne ya shiga ayari. Aka sa shi a can ƙarshen layi, bai yi musu ba. Motoci talatin suka tashi a tare, hoton ko gezau. Tela na tsaye a bayansa, ita kanta sai da ta riƙe baki. A da bishiyoyin kamar an yanka su da almakashi suke, yanzu ga ganye ɗaya-ɗaya yana motsi. Aka fara ruwa a cikin wasan, ɗigo na gangarowa a gilashi, kwalta na sheƙi, fitilun motar gaba na rawa a cikin ruwan. Ta ga kafaɗunsa sun saki, ta ji yana ce wa wani ya matsa ya ba manya hanya. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

Sun yi kamar minti ashirin sai hanya ta gangara ta yi kwana. Daga cikin kwanar wata tankar mai ta ɓullo ta ɗaya hannun, fitilu a kunne, tana watsa ruwa, ta cika gilashin gaba ɗaya.

Ƙafarsa ta dama, mai ƙarfen, wadda ko ɗaga ta ba ya yi sai da hannu, ta zabura da kanta tana neman birki, ta daki ƙafar tebur. Ya yi wata ƙara da Tela ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Tankar ta wuce. Da ƙafar hagu ya lallaɓa motar ya sauka gefen hanya ya tsaya. Hannuwansa na kan sitiyarin suna karkarwa, rigarsa ta jiƙe. A allo fitilun ayarin na ta yin nisa, ana jin ƙananan muryoyi daga abin kunnen suna kiran sunansa.

Tartsatsi ya tashi sum-sum ya fita ya ja musu ƙofa.

"Haka ta fito min," in ji Direba, bai juyo ba. "Ranar. Ana ruwa, a kwana. Daidai haka."

Wata takwas bai taɓa gaya mata yadda abin ya faru ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

"Da hoton yana tsinkewa, na san wasa nake yi," ya ce. "Yanzu kuwa hanya ce."

Jikinta ya yi sanyi. Duk wannan wahalar, ashe abin da ta sayo masa ke nan. Ta kai hannu wajen maɓallin akwatin.

"In kashe?"

Ruwa na ta sauka a gilashin, abin share gilashi na kaiwa yana komowa. Ta tsaya da yatsa a kan maɓallin tana jiran kalma ɗaya, ta san in ya ce ta kashe, ba za a sake kunna ta ba.

"A'a," ya ce daga ƙarshe. "Jawo kujerar can. Nan, gefena. Ni ban taɓa yin doguwar tafiya babu karen mota ba."

Ta jawo kujerar ta zauna, kafaɗarta na taɓa tasa.

"In kin ga hannuna ya fara rawa, ki yi min magana."

"Me zan ce?"

"Ko me ne ne. Ke da ba kya rasa zance."

Ya share fuska da hannun riga, ya gaya wa shugaban ayari yana tafe, su rage gudu. Ya kunna sigina, ya duba madubi, ya hau kwalta. Ba su yi nisa ba wasu fitilu biyu suka ɓullo daga can gaba, suna girma. Ta ga yatsunsa sun ƙanƙame sitiyarin, numfashinsa ya sauya. Ita kuwa ta buɗe baki ta kama ba shi labarin wata mai kawo ɗinki da ta zo da yadi uku tana son riga da zani da ɗankwali, har da ragowar da za a yi wa 'yarta. Labarin ma ba kai ba gindi, amma ba ta tsaya ba.

Motar ta zo ta wuce su da ruwanta. Direba bai sauka daga hanya ba.

"Sai kika ce mata me?" ya tambaya.